Ɗakin Gwaggo Kyauta

Ranar da aka fitar da Gwaggo Kyauta daga ɗakinta ina wurin, har ni na ɗaukar mata ƙwaryar daddawa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a Kukar Sabo, ɗan garinmu na manoma da ke gefen titin Tudun Wada zuwa Doguwa, inda nake koyarwa a firamare. Abin da zan faɗa ba ba ni labarinsa aka yi ba.

Kaka ce, masara kuwa ta yi kyau a shekarar fiye da yadda aka saba. Mainasara, babban ɗan yayanta marigayi, wanda gidan ke hannunsa, ya cika rumbu biyu, ya cika shagon ƙofar gida, ga kuma buhuna jibge a tsakar gida an lulluɓe su da tamfal. Ɗakin Gwaggo shi ne mafi girma a gidan, da daɓen siminti da rufin kwano da ƙofar ƙarfe. Ɓera ba ya shiga, danshi ba ya tashi. Yayan nata ne ya gina mata shi kafin ya rasu, domin ita ta riƙe masa 'ya'yansa biyu, Mainasara da Sha'aibu, tun da uwarsu ta mutu ta bar ƙaramin yana rarrafe. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba.

Ina zaune a wurinta muna ɓarar gyaɗa Mainasara ya yi sallama ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Gwaggo, alfarma na zo nema."

"Faɗi, Babana." Sunan mahaifinta ya ci, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba.

"Masarar nan ce ba wurin sa ta. In ta kwana biyu a waje raɓa za ta ɓata ta. Na ce ko za ki ɗan koma ɗakin baya, sati biyu ko uku, kafin masu saye su zo daga Kwanar Dangora."

Ɗakin baya tsohon soro ne na ƙasa, bangonsa ɗaya da turken awaki. Tun ina amarya a unguwar itace da tsofaffin garemani ake zubawa a ciki.

Gwaggo ta juya gyaɗa ɗaya a hannu. Sannan ta ce, "Abinci ne. Ba a barin abinci a waje. Allah ya kawo kasuwa."

"Amin, Gwaggo. Allah ya bar mana ke."

Kafin la'asar an kwashe itacen, an share, an shigar mata da gadon ƙarfenta da akwatinta. Hasiya matar Mainasara ta shimfiɗa mata tabarma sabuwa. Aka jera buhuna a ɗakinta na da har suka kusa taɓa kwano, aka datse da kwaɗo.

Sati uku ya wuce. Masu saye sun zo, Mainasara ya ce tayinsu raini ne, suka juya da motarsu babu komai.

Sanyi ya shigo. Ɗakin baya ba shi da ƙyaure, tsohon buhu aka rataya a ƙofar, ga kuma tsaga a bango ta gabas da hannuna ke shiga har wuyansa. Gwaggo ta cusa tsumma. Kullum in na taso daga makaranta nakan leƙa ta, in tarar da ita ta jawo kaskon wuta tsakanin ƙafafunta, hayaƙi ya cika ɗakin, warin fitsarin awaki yana ratsowa ta bangon. A nan tari ya kama ta.

Na sami Hasiya a madafa.

"Maman yara, tarin Gwaggo fa ba ƙarami ba ne. Ba za a ɗan rage buhunan nan a mayar da ita ba?"

Ta ci gaba da tuƙa tuwonta. "Malama Zubaida, ni mece ce tawa a ciki? Aure ne ya kawo ni gidan nan. In na yi magana a ce na shiga tsakanin ɗa da uwa. Ai ga Alhajin can, ki faɗa masa."

Na faɗa masa. Ya saurare ni da kyau, yana gyaɗa kai.

"Wallahi gaskiyarki, Malama. Abin yana raina. Sai dai shekaranjiya aka zuba maganin ƙwari a ɗakin, irin mai ƙarfin nan. Ko kaza ta shiga sai ta mutu. Kin ga ai ba na kai tsohuwa can ba. Bari maganin ya sace tukuna."

Ya aika aka sayo mata maganin tari kwalba ɗaya da bargo. Duk wanda ya shigo gidan sai an nuna masa bargon.

Gwaggo Kyauta ba ƙaramar mace ba ce a garinmu. Shekarunta sun haura saba'in, kuma duk Kukar Sabo babu wanda ya kai ta sanin garin. Ita ke faɗa mana yadda Sabo maharbi ya fito daga dajin Falgore ya kafa bukka a gindin kukar da ke bayan masallaci. Ta san inda tsohuwar ganuwa ta bi, ta san gidan da ya fara haƙa rijiya, ta san sunayen mazan da suka tafi haƙar kuza Riruwai a ƙafa da waɗanda ba su dawo ba. Kowace gona tana kiran ta da sunan wanda ya sare ta. In an yi haihuwa ita ake kira ta duba jinjiri, in za a kai amarya ita ke faɗa mata dangin mijin ɗaya bayan ɗaya don kada ta yi wa wani rashin kunya bisa kuskure.

Shi ya sa da rigimar iyaka ta tashi tsakanin wasu gidaje biyu bayan sanyi ya yi sauƙi, mai unguwa ya aiko cewa zai zo da dattawa su ji ta bakinta. Ran nan Asabar ce, ina gida. Da hantsi na ji Mainasara yana ɗaga murya ta kan katanga.

"Hasiya, a dafa wa Gwaggo ruwa. A ciro mata atamfar nan ta salla. Sha'aibu, shimfiɗa darduma a zaure, ka kawo matashin da ke ɗakina."

Na shiga na taya ta shiri. Ta rame, zanen har zagaye biyu yake yi mata. Ni da Hasiya muka riƙo ta zuwa zaure, aka jingina ta da matashi. Dattawa suka zo suka zube gabanta suna gaisuwa.

Ta yi musu bayani tiryan-tiryan. Ta ce iyakar ba a jikin marke take ba, marken daga baya ya fito. Su je su duba yamma da shi taku ashirin, za su ga kututturen ɗorawa da aka sare shekarar da aka yi fara, a nan kakannin gidajen biyu suka binne dutse. Aka tura mutum biyu da fartanya. Ba a jima ba suka dawo suka ce ga dutsen can. Rigimar da ta ci wata uku ta mutu a zama ɗaya.

Mai unguwa ya dubi Mainasara ya ce, "Alhaji, kun yi dace. Ku riƙe ta da kyau, irinsu sun ƙare."

"Ranka ya daɗe, ai ita ce gidan. Ba mu da kamarta."

Da baƙi suka watse, Hasiya ta naɗe dardumar. Muka mai da Gwaggo ɗakin baya, ta cire atamfar da kanta ta ninke ta sa a akwati. Ta kwanta tana haki.

Na ce, "Gwaggo, me ya hana ki faɗa wa mai unguwa?"

"In faɗa masa me, 'yar nan?"

"Inda aka ajiye ki."

Ta juya fuskarta bango. "In tona wa Babana asiri a gaban mutane? Ni na goya shi."

Bazara ta zo da nata. Soron ya zama kamar tanda, da rana ba ya shiguwa, sai ta jawo tabarma ta kwanta a gindin katanga wajen awaki. Kunama ta harbe ta sau biyu cikin wata ɗaya, ta biyun a ƙafa, ƙafar ta kumbura ta daina zuwa ko'ina. Ta bar yin daddawa. Matan unguwa da ke zuwa saye suka daina zuwa, hira ta ɗauke.

Akwai wata ƙawarta, Halima, Bafulatana daga rugar da ke wajen Falgore. Shekara arba'in suna tare, duk ranar kasuwa a ɗakin Gwaggo take sauke ƙwaryar nononta ta yi salla. Tun kaka ba ta zo ba, sun yi nisa da shanu. Ranar da ta dawo ta wuce kai tsaye ƙofar ƙarfen nan, ta ga kwaɗo. Yara suka nuna mata baya.

Ta daɗe a ciki. Da ta fito ba ta ɗauki ƙwaryarta ba, ta nufi ƙofar gida inda Mainasara ke zaune a inuwar dalbejiya da abokansa biyu. Ina dawowa daga makaranta ke nan.

"Ɗan nan, zo."

Ya taso yana murmushi. "Inna Halima, an dawo lafiya? Ya shanu?"

"Shanu lafiya lau, kowacce da inda take kwana. Ɗakin can na masara, babu masarar gonar Kyauta a ciki?"

Murmushin ya ɗauke. Kowa a garin ya san gadon kakansu Mainasara, mahaifin Gwaggo, ba a taɓa raba shi ba, kuma gonar bakin rafi, wadda ta fi kowacce ba da amfani, rabon Gwaggo na cikinta.

"Inna, ai gandu ne. Tukunya ɗaya muke ci. Ta taɓa kwana da yunwa?"

"Ban tambaye ka yunwa ba. Ka ba ni ita in tafi da ita ruga. Bukka ce, amma ba ta ɗiga, kuma akwai mai kallon ta."

"Haba Inna. Ina raye a ce uwata tana ruga? Me mutane za su ce?"

"Yanzu me suke cewa?"

Ya juya ya koma inuwar dalbejiya. Bayan ta tafi ya ce wa abokansa tsufa ne, ba a biye wa tsofaffi. Da yamma kuma ya shiga wajen Gwaggo, na ji shi ta katanga yana magana a hankali, cewa ba ya jin daɗin yadda ake fitar da maganar gida waje. Na ji tana ba shi haƙuri.

Na sami Sha'aibu, ƙanensa, ko shi zai fi jin tausayi, tunda shi a bayanta ya girma. Yana gyaran garma a ƙofar gida. Idonsa ya ciko da na yi masa maganar.

"Malama, ni ma ba na iya shiga ɗakin nan, zuciyata ba ta ɗauka. To amma Yaya ne babba. Ni ko buhu ɗaya ba ni da ikon ɗagawa. Na yi niyyar in yaɓe mata rufin, maginin ne ya tafi cin rani. Da ya dawo za a yi."

Magini ya dawo da ruwan farko. A lokacin kowa ya duƙufa shuka, aka ce a bari a gama.

Cikin watan shida farashi ya ɗan motsa. Wata safiya babbar mota ta tsaya a ƙofar gidan, 'yan dako suka yi ta fitar da masara. Labari ya iso mini a makaranta, ana tashi na taho da sauri. Na tarar da Gwaggo zaune a bakin gado, ta ɗaure kayanta cikin zane, ta tattara kwanukanta wuri ɗaya, har ta sa kallabi mai kyau. Rabon da in ga fara'a a fuskarta tun kaka.

"Kin ga Allah ya kawo kasuwa," in ji ta. "Ki taya ni da akwatin in an share. Ki ce wa Hasiya a bar ƙofar a buɗe ya sha iska."

Muka zauna muna jira. Aka yi la'asar. Sai muka ji ƙarar wata motar, ƙarama, da muryoyin 'yan dako sun dawo. Na leƙa. Buhunan takin zamani ake saukewa, farare, ana shigar da su inda masarar ta tashi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masarar ma yana nan bai fita ba.

Mainasara ya zo da kansa, ya durƙusa kamar yadda ya saba.

"Gwaggo, sai haƙuri. Taki ne na samu da sauƙi, kin san shi da ruwa ba sa shiri, in ya jiƙe ya narke an yi asara. Sati uku ne, da an yi noman farko za a zuba shi a gona. Sauran masarar kuma ta ci ce, da ke za a ci."

Ta dube shi ta daɗe. Ban taɓa ganin ta dube shi haka ba.

"Babana, ruwa na zuba a kaina."

"Za a sa leda, Gwaggo. Gobe-goben nan."

Ya tashi ya fita. Ta sa hannu ta kwance ƙullin kayan, ta fara mai da kwanukan inda suke ɗaya bayan ɗaya. Na ce ta bari in yi, ta ce a'a. Kallabin ne ƙarshe, ta cire shi ta ninke.

Sha'aibu ya hau ya shimfiɗa leda baƙa a kan soron, ya danne da duwatsu. Iskar hadari ta biyu ta yage ta. Aka zuba rabin takin a noman farko, aka ce sauran na maimai ne, sai masara ta kai gwiwa.

Damina ta zauna sosai. Ɗakin ya koma ɗiga ta wuri biyar. Gwaggo ta jera kwanuka da roba, ta ja gadonta zuwa kusurwar da ta fi dama, daga baya nan ma ya fara. Katifarta ba ta bushewa. Tarin ya dawo, yanzu har da zazzaɓi. Ƙasan bangon gabas ya jiƙe ya yi baƙi, in ka dafa sai yatsa ya nutse.

Na yi wa maigidana magana, na ce ɗakin da muke ajiye baƙi ba kowa a ciki. Ya ce shi ba ya ƙi, amma sai da yardar masu gida, kada a ɓata maƙwabtaka ta shekara da shekaru. Na je na faɗa wa Gwaggo.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Amma in na tsallaka katangar nan na kwana a gidan wani, na gama da yaran nan a garin nan. Ba mai sake ba su 'ya, ba mai sake ba su girma. A gidan nan aka haife ni. Saura kwana nawa ne a zuba takin?"

Duk da haka na tunkari Mainasara. Wannan karon bai gyaɗa kai ba.

"Malama, ina ganin girmanki. Amma gidan nan da mai shi. Soron nan kakana ya gina shi, ya fi shekara sittin a tsaye, ba bana zai faɗi ba. Ki bar mu da tsohuwarmu."

Na bar su da ita. Wannan ita ce gaskiya. Na ci gaba da kai mata kunu da safe, ina zubar mata da ruwan kwanuka, ina gaya wa kaina na yi iyakar yina. Gidan mai unguwa bai fi taku ɗari biyu daga namu ba. Kullum ta ƙofarsa nake wucewa zuwa makaranta, kullum sai in ce gobe.

Cikin watan takwas aka kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Rana ta uku Laraba ce. Da safe na kai mata kunu na tarar ruwa ya kwanta a ƙasan ɗakin, ta naɗe ƙafafu a kan gado ta lulluɓa da bargon nan, shi ma ya jiƙe. Ta sha kaɗan ta miƙo mini kofin.

"Rafi ya kawo?" ta tambaya.

Na ce ya kawo har ya shanye gadar.

"To a faɗa wa Sha'aibu kada ya ce zai tsallaka duba gona. Tun yana yaro ba ya jin magana a kan ruwa."

Maganar ƙarshe ke nan da ta yi da ni da hankalinta.

Bayan azahar ina wanke-wanke a rumfa na ji wani ƙara mai nauyi, ba mai ƙarfi ba, kamar an sauke buhu daga mota. Sai kukan awaki. Sai muryar Hasiya tana salati. Na fita ba mayafi.

Bangon gabas ne ya zauna, rabin rufin ya biyo shi. Azara biyu sun faɗo a kan gadon, ƙasa ta binne ta daga ƙugu zuwa ƙasa. Maza suka taru da fartanya da hannu. Sha'aibu yana tono yana kuka yana kiran sunanta, farcensa har jini. Da aka zaro ta tana numfashi, idonta a buɗe.

Mainasara ya samo mota nan da nan. Ya ce a kai ta asibitin Tudun Wada, ko nawa ne zai kashe. Ya faɗi haka sau uku a gaban jama'a. Ni da Sha'aibu muka shiga baya da ita, kanta a cinyata. Ma'aikatan sun yi abin da za su iya. Washegari da hantsi ta cika.

Muka iso gida da ita wajen sha ɗaya. Mata sun cika tsakar gida, ruwa bai gama ɗaukewa ba, ana yayyafi. Mai wankan gawa ta tambayi inda za a shimfiɗe ta. Ɗakin Hasiya cike yake da gado da kwabet, na matar Sha'aibu ƙarami ne. Aka tsaya ana kallon juna, gawa na cikin mota.

Mainasara ya laluba aljihu ya ciro mukulli.

"Ku zo a kwashe kayan nan."

Maza shida suka shiga. Taki aka kai zaure, masara aka kai shagon ƙofar gida, wanda ashe tun watan shida rabinsa ba komai. Na duba agogon hannuna ba da niyya ba, lokacin da suka fara da lokacin da Hasiya ta gama shara. Minti arba'in.

A nan aka yi mata wanka, a kan daɓen simintin da yayanta ya yi mata. A nan aka suturta ta. Ta yi awa biyu a ɗakinta, ruwa na sauka a kan kwano, ko ɗigo bai taɓa likkafaninta ba.

Jana'izarta ta tara mutanen da ban taɓa gani a Kukar Sabo ba. Daga Kiru aka zo, daga Riruwai aka zo, Fulani suka fito daga rugage. Mainasara yana zaune a kan tabarma idonsa jawur, duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce, "Kwana ne ya ƙare. Ko a ina take, ranar ba za ta wuce ba." Mutane suna cewa haka ne. Wani dattijo ya ce wanda gini ya faɗa wa ya yi shahada, Alhaji ya gode wa Allah. Na ga maganar ta yi masa daɗi, ya riƙa maimaita ta ga waɗanda suka zo daga baya.

Halima ta iso da la'asar, an riga an dawo daga maƙabarta. Ba ta shiga wajen mata ba. Ta tsaya a gaban ɓaraguzan ɗakin baya, ƙafar gadon ƙarfen na leƙowa daga cikin laka. Sannan ta juya ta dubi ɗakin kwanon da ke buɗe, mata na zaune a ciki suna jan carbi. Hasiya ta taso ta ce, "Inna, shigo daga ciki, ana yayyafi."

"Ashe yana buɗuwa," in ji Halima.

Ta yi addu'arta a tsaye a cikin ruwan, ta shafa, ta fita. Ba ta sake sauke ƙwarya a gidan ba.

Ban musa cewa kwana ne ya ƙare ba. Amma wata goma Gwaggo ta yi a ɗakin nan, kuma ba kwana ne ya kai ta can ba. Babu wanda ya zage ta, babu wanda ya ɗaga mata hannu, ba a taɓa hana ta tuwo ba. Kullum a durƙushe ake yi mata magana. Kowannenmu yana da dalilinsa, kuma in ka ɗauki dalilin shi kaɗai ka duba ba za ka ga laifinsa ba: magani, magini, taki, girman yaya, maƙwabtaka. Nawa dalilin shi ne ita ta ce kada a faɗa. Na riƙe wannan da hannu biyu domin ya sauƙaƙa mini, alhali na san abin da ya sa ta faɗi haka. Tana kare waɗanda ta goya ne, mu kuma muka bar ta ta kare su da jikinta.

An yi sadakar uku, aka dafa shinkafa buhu guda. Ranar takwas da rasuwarta na ji motsi ta kan katanga, na leƙa. Ana mai da taki ɗakin. A bayan gida kuma kafinta ne ke aiki, ga bandir ɗin kwano sabo fil a jingine. Faɗuwar bangon ta bar turken awaki a buɗe, ruwa na dukansu, Mainasara ya ce ba zai iya zuba ido dabbobi su lalace ba. Kafin magariba an gama rufa musu.